Leshin Hannu Da Kasuwar 'Yan Yawon Buɗe Ido: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓe Kuɗi

Duk mutumin Arewa da ya zauna a Kurmi, ko da na wata shida ne, ya san darajar leshi. Ya gan shi jibge a kasuwar Balogun ta Legas da kasuwar Gbagi ta Badun, ya ga yadda Yarabawa ke kece raini da shi ranar biki, kuma da wuya a haɗa lefe a Sabo ko Agege ko Idi-Araba ba a sa ko da yadi biyar nasa cikin akwati ba. Amma ba kowa ya san cewa wannan abin da ake kira leshi a kasuwannin ƙasar nan surfanin inji ne ba, wanda akan yi a kan yadin da aka riga aka saƙa, a fitar masa da huji-huji. Tun cikin shekarun 1960 aka fara shigo da shi da yawa daga wani gari mai suna Lustenau a ƙasar Ostiriya, da kuma daga Suwizalan, kafin daga baya masana'antun ƙasashen Asiya su shigo kasuwar.

Leshin asali, wanda wannan ya ari sunansa, da hannu ake saƙa shi, daga zare zalla, babu wani yadi a ƙarƙashinsa. Sana'a ce ta mata wadda ta haura shekara 450 a Turai, kuma jiragen ruwan Turawa suka kai ta gaɓar Birazil da Siri Lanka. Yau kusan duk inda ake sayar da ita garuruwa ne da 'yan yawon buɗe ido ke ziyarta. Saboda haka ne ake yawan cewa baƙi ne suka ceci sana'ar daga mutuwa. Maganar nan rabinta ne gaskiya. Abin da baƙi suka ceta shi ne sunan sana'ar, sunan kuwa masu kanti da masu otal ne ke cin moriyarsa, matar da ke zaune tana saƙa ita ce mai ƙaramin rabo. Muddin kuma ana barin a sayar da aikin inji da sunan aikin hannu, to, yawan baƙi ba zai ƙara mata kome ba sai nisa da kasuwa. Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu, domin da yawa daga cikinsu da sayar wa baƙi kayan hannu suke ciyar da iyali.

YADDA AKE SAƘAR

Mai saƙa takan zauna da wani matashi mai tauri a gabanta, wanda aka cusa wa busasshiyar ciyawa ko garin katako. A kansa takan manna takardar zane, wadda aka bi da tsinin allura aka huda duk inda zare zai tsaya. Kowane zare a naɗe yake jikin wani siririn itace, tsawonsa ya ɗan ɗara yatsa, mai kama da ƙwarƙwaron da masaƙa ke sawa cikin ƙoshiya. Biyu-biyu ake aiki da su. Duk saƙar kuwa motsi biyu ne kacal, watau a gitta wannan zare bisa wancan, da kuma a murɗa su. Inda zaruruwa suka haɗu sai ta kafa fil a hujin takarda ya riƙe su, ta ci gaba. In aiki ya kammala sai a cire fil ɗin, a ɗaga leshin, ga shi shara-shara kamar saƙar gizo-gizo.

Mai koyo takan fara da ƙwarƙwaro goma sha biyu ko ashirin. Gwanaye kuwa sukan jera ɗaruruwa a kan matashi ɗaya, kuma kowanne sun san inda ya fito da inda za shi. Akwai wani iri mai laushin gaske da mutanen Beljiyam ke kira aikin matsafiya saboda wuyarsa. Zare da itace da fil ba su da tsada. Abin da ake saye a jikin leshin hannu shi ne lokacin mace da hasken idonta. Ɗan'uwansa da ake yi da allura a garin Alençon na Faransa, Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce santimita ɗaya tsawo da faɗi, watau kamar girman farcen ƙaramin yatsa, yakan ci awa bakwai. Na ƙwarƙwaro ya fi wannan sauri, amma in aikin mai laushi ne, shi ma wuni guda bai cika ba da abin da zai rufe tafin hannu ba.

TASHI DA FAƊUWA

Littattafan farko da suka nuna zanen wannan saƙa an buga su ne a Venice ta Italiya cikin 1557, da Zurich ta Suwizalan cikin 1561. Kafin a yi shekara ɗari sana'ar ta kafu sosai a yankin Flanders, watau arewacin Beljiyam ta yau, inda ake noman ciyawar da ake fitar da zaren lilin mai kyau. Sarakuna da attajirai, maza da mata, suka riƙa sa leshi a wuya da hannun riga, har ya zama ma'aunin arziki. Kuɗin da yake fitarwa daga Ingila ya yi yawa, sai majalisar ƙasar ta haramta shigo da shi a 1662. 'Yan kasuwa suka koma fasa-ƙwauri, suna sayar da leshin Brussels da sunan na Ingila ne. Wanda ya ga yadda leshi ya riƙa ɓullowa ta Kwatano bayan gwamnatin Janar Obasanjo ta hana shigo da shi cikin shekarun 1970, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inji ne ya karya wannan kasuwa. A 1809 wani mutumin Ingila, John Heathcoat, ya yi rajistar injin da ke saƙa ragar leshi, a 1813 kuma John Levers ya inganta shi a Nottingham. Wasu fusatattun ma'aikata suka fasa masana'antar Heathcoat a 1816 suka farfasa injuna, amma hakan bai tsai da kome ba. Daga baya aka sami injunan da ke fitar da furanni da kowane irin zane. A 1863 kuma Isaak Gröbli na Suwizalan ya ƙera injin surfani, kakan waɗanda ke yin leshin da ake sayarwa a Balogun.

Kada wani ya ɗauka zamanin da ya wuce zamanin jin daɗi ne ga masu saƙa. A Flanders da ƙauyukan Ingila, tun 'yan mata suna shekara biyar ko shida ake kai su makarantun leshi, su wuni a sunkuye, ido ya lalace, baya ya tanƙware. Dillali ne ke ba da zare da zane, shi ke yanka farashi, wani lokaci ma da kayan kantinsa yake biya maimakon kuɗi. Watau tun kafin ɗan yawon buɗe ido ya zo, kura ce da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Abin da zuwansa ya canja, gardin ne kawai.

ABIN DA KE FARUWA A BRUGES

Babu garin da ya fi nuna wannan kamar Bruges ta Beljiyam. Da can babbar tashar ciniki ce, amma wajen shekarar 1500 yashi ya toshe mashigin ruwan da ya haɗa ta da teku, ciniki ya koma Antwerp, gari ya talauce. Leshi ya zama abin da matan talakawa ke rufa wa kansu asiri da shi. Wasu mata masu hidimar coci suka buɗe makarantar koyar da shi a 1717, kuma a tsakiyar ƙarni na 19 dubban matan garin da shi suka dogara. Talaucin nan ne ya hana a rushe tsofaffin gine-gine a yi sababbi, tsofaffin gine-ginen kuma su ne suka jawo baƙi. A 2000 UNESCO ta sa tsakiyar garin cikin wuraren tarihi na duniya. A 2018 mutanen da suka ziyarci Bruges sun haura miliyan 8, alhali kuwa mazauna garin kusan 120,000 ne. Yawancin baƙin 'yan wuni ɗaya ne, wasu ma 'yan awoyi kaɗan, daga manyan jiragen ruwa da ke tsayawa a tashar Zeebrugge. Abin ya kai a 2019 hukumar garin ta yanke shawarar rage jiragen da za su tsaya a lokaci ɗaya daga biyar zuwa biyu.

Kantunan leshi suna nan birjik a titunan da baƙi ke bi. Amma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akasarin abin da ke cikinsu ba matan Bruges ne suka saƙa ba. Wani na inji ne zalla. Wani kuma daga Asiya ya zo, musamman ƙasar Sin, inda inji ke fitar da wani siririn ƙyalle kamar igiyar takalmi, mata su lanƙwasa shi bisa zane su haɗa da allura. Akan kira wannan aikin hannu, kuma ba ƙarya ƙarara aka yi ba, an dai ɓoye hannun wa, kuma a wace ƙasa.

Masu saƙar gaske suna can a cibiyar leshi da aka kafa a 1970, wadda tun 2014 take cikin wani tsohon ginin makarantar matan cocin nan. A can ana koyarwa, baƙo kuma yakan tsaya ya kalli mata suna aiki. Sai dai yawancinsu don sha'awa suke yi, abincinsu yana wani wuri dabam, ko albashi ko fansho.

LISSAFIN DA BA YA TASHI

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi. A 2024 mafi ƙarancin albashi a Beljiyam ya haura Yuro 2,000 a wata, watau wajen Yuro 12 a awa. A ɗauka, don misali, gefen hankici mai kyau ya ci wa mace awa 40. Ladan hannunta kaɗai ya tasam ma Yuro 500, ba a sa zare da hayar kanti da haraji da ribar mai sayarwa ba. Baƙon da ya sauko daga jirgi kuwa tsaraba yake nema wa mutum biyar ko goma, abin da zai shiga jaka, wanda kuɗinsa ba zai wuce na abincin rana ba. Bai san bambancin saƙar hannu da ta inji ba, ba shi da lokacin tambaya, kuma ba zai sake dawowa ba. Mai kanti shi ma ya san haka. Kowane ɗan kasuwa ya sani, cinikin da mai saye ba zai dawo gobe ba, shi ne cinikin da algus ya fi samun wurin zama.

Ɓarnar farko da wannan ke yi ita ce, na jabu yana kashe farashin na gaske. Mutumin da ya ga leshi da sunan Bruges a kan Yuro 10, in ya je gaba aka ce masa 500, sai ya ɗauka na biyun ne macuci. Mai gaskiya ta zama ita ce abar zargi.

Sa'an nan aikin kansa yana ƙanƙancewa. Mai saƙar da ke son ta sayar ala tilas ta koma ƙananan abubuwa da za ta gama cikin yini, irin su 'yan kunne, da mariƙin makulli, da ɗan hoton fure ko tsuntsu da ake sawa cikin gilashi. Manyan zane masu wuya sai a gidan kayan tarihi ake ganinsu. Abin da aka daina yi kuwa, a hankali akan manta yadda ake yinsa. Yarinya mai hankali kuma in ta ga kakarta ta yi mako guda a sunkuye don kuɗin da mai shara a otal ke samu cikin kwana ɗaya, otal za ta nufa, kuma babu mai ganin laifinta.

Har wa yau, kasuwar baƙi kasuwa ce mai saurin watsewa. A kudancin Siri Lanka, wajajen Galle da Weligama, matan masunta suna saƙa wannan leshi tun zamanin da mutanen Fotugal suka zo ƙasar cikin ƙarni na 16, kuma a bakin teku da ƙofar otal suke sayarwa. Igiyar ruwan tsunami ta ranar 26 ga Disamba 2004 ta kwashe gidaje da kayan aikin da yawa daga cikinsu. Sun farfaɗo, sai aka kai hare-haren bam a coci-coci da otal-otal cikin Afrilu 2019, sa'an nan annobar korona ta biyo baya. Ƙasar da ta karɓi baƙi miliyan 2.3 a 2018, a 2021 waɗanda suka je ba su kai 200,000 ba. Mai otal yana da banki da zai ranta masa. Matar da ke saƙa kuwa ba ta da kowa sai baƙon da bai zo ba. Irin wannan dogaro ne kuma a jihar Ceará ta Birazil, inda matan masunta kan yi fil da ƙayar wani irin tsiro na daji, su jera kayansu a rumfunan bakin teku suna jiran motocin baƙi.

A YI WA BAƘO ADALCI

Duk da haka, zai zama rashin adalci a ɗora wa baƙo laifin duka. Ba shi ya ƙera inji ba, kuma sana'ar ta riga ta kwanta jinya shekara ɗari kafin jirgin sama ya fara jigilar masu yawon ganin gari. Ba don idon baƙi ba, da wuya hukumomin garuruwan nan su kashe kuɗi wajen gina gidajen tarihi da makarantun leshi. A Siri Lanka da Birazil, ɗan abin da mace ke samu daga baƙo shi ne kuɗin makarantar 'ya'yanta ranar da miji ya dawo daga teku hannu rabbana.

Inji ma ba abokin gaba ba ne. Shi ya sa 'yar talaka ta sami abin da da can sai sarauniya. Matar da ke haɗa ƙyalle da allura a ƙasar Sin ita ma halalinta take nema. Babu mai hankalin da zai ce a hana sayar da kaya mai araha, ko a tilasta wa baƙo ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa. Zamani riga ne. Abin da ake ƙi guda ɗaya ne, watau a ɗauki sunan da mata suka yi shekaru ɗaruruwa suna ginawa da idanunsu, a manna shi jikin kayan da ba su taɓa ba, a sayar, kuma ko kwabo bai kai gare su ba. In an rubuta wa kowane kaya gaskiyarsa, mai neman araha ya sayi araha da saninsa, mai neman na gaske ya san inda zai sa kuɗinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma sai mai saye ya san wanne ne arahar.

INDA AKA DACE

Akwai garuruwan da suka bi wata hanya. Idrija ƙaramin gari ne a ƙasar Silobeniya, inda maza ke haƙar ma'adinin zaiba, mata kuma suna saƙa leshi don cike giɓin albashi. An buɗe makarantar leshi a can a 1876, kuma har yau ba a rufe ta ba. Yara 'yan makaranta suna zuwa koyo bayan an tashi daga aji. A 2000 aka yi wa sunan leshin Idrija rajista, ta yadda ba kowane kaya ne zai ɗauki sunan ba sai wanda ya cika sharuɗɗa, kuma akan ba shi takardar shaida. A 2018 UNESCO ta sa saƙar leshin Silobeniya cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Baƙi suna zuwa bikin leshi na garin kowace shekara, amma sana'ar da suke tararwa mutanen gari ne suka riƙe ta don kansu.

A Faransa gwamnati ce ta sa hannu. A garin Le Puy an buɗe cibiyar koyarwa a 1974, a 1976 kuma gwamnati ta kafa ɗakin aiki nata, ta ɗauki gwanaye da albashi, don manyan zane masu wuya kada su ɓace ko da babu mai saye.

A Ingila kuwa, lokacin da Sarauniya Victoria za ta yi aure a 1840, leshin hannu na yankin Honiton ta sa aka saƙa mata, a daidai sa'ad da inji ke neman binne sana'ar. Matan ƙauyukan suka sami aiki, masu kuɗin ƙasar kuma suka yi koyi da ita. Babban mutum na gida in ya sa kaya, ya fi baƙo dubu da za su wuce da tsarabar kwabo.

Dokar kare suna ma ba baƙon abu ba ne a duniya. Amurka ta yi doka a 1990 wadda ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar, watau Indiyawan Amurka, in ba su suka yi ba. Birtaniya ta yi doka a 1993 cewa ulun Harris Tweed ba zai ɗauki wannan suna ba sai an saƙa shi da hannu a gidajen mutanen tsibiran da aka san shi da su. A duk wuraren nan abubuwa uku ne suka taimaka: makarantar da ke koyar da yara, da shaidar da ke raba na gaske da na jabu, da kuma masu saye na gida.

ABIN DA YA SHAFI 'YAN AREWA

Ba a saƙa leshin ƙwarƙwaro a ƙasar Hausa a matsayin sana'ar gado, amma cinikin da aka bayyana a sama, 'yan Arewa mazauna Kudu sun san shi ciki da bai. Tun zamanin Turawan mulki Bahaushe ke bin gidajen Ikoyi da ƙunshin kayan fata da tagulla a kan keke. Lokacin bikin FESTAC na 1977 a Legas, kasuwar ta cika ta batse. Har yau a kasuwar kayan gargajiya ta Lekki da ƙofofin manyan otal-otal, Hausawa ne da yawa ke tsaye tsakanin baƙo da dukawan Kano da Sakkwato da Naraguta, da maƙeran tagulla da masu ƙarau na Bida, da marinan Ƙofar Mata, da masu ɗinkin babbar riga na birnin Zariya. Matsayin da mai kantin Bruges yake a kai, shi ne matsayinsu.

Mutanen Arewa kuma sun taɓa ɗanɗana ɗacin rasa suna. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma suna ƙetare Sahara da jemammiyar fatar jan akuya ta Sakkwato da Kano, amma da ta isa Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta bi. Majemin Kano ya yi aiki, wata ƙasa ta ɗauki yabo. A ɗaya gefen kuma ga Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, watau Suleja ta yau, a 1954. Tana buga haruffan sunanta a gindin abin da ta gina. Yau hotonta yana jikin takardar Naira 20, tukwanenta kuma ana gwanjonsu a Turai da tsada, domin mai saye ya san hannun da ya yi su.

Jarabar da ta sami leshin Bruges tana nan tana bin kayan Arewa. Hular inji tana zaune kusa da kube da zanna da aka yi makonni ana ɗinkawa. Surfanin keke yana zaune kusa da aska takwas ta hannu. Jakar roba tana ɗaukar sunan fata, yadin da aka buga wa zane a masana'anta yana ɗaukar sunan rinin karofi. Ɗan kasuwan da ya ce wa baƙo duk ɗaya ne zai ci ribar yau, amma yana sare reshen da yake zaune a kai. Ranar da baduku da marini suka gaji suka koma acaba, shi ma ba shi da abin da zai sayar wanda ba a samu a kowace tashar jirgin sama ta duniya. Addini ma ya riga ya yi hukunci a kan wannan, domin algus da ɓoye aibin kaya haramun ne, ko Musulmi aka sayar wa ko wanda ba Musulmi ba.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin masu sayar da kayan gargajiya, tare da Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, su yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa kowace rumfa za ta ware kayan hannu dabam, na inji dabam, kowanne da farashinsa. Kowane kayan hannu ya ɗauki 'yar takarda mai sunan wanda ya yi shi, da garinsu, da kwanakin da aikin ya ci. Wannan ba ya bukatar jiran gwamnati, kuma baƙon da ya ga suna da gari ya fi sakin kuɗi da daɗin rai. A kuma riƙa biyan mai sana'a gwargwadon kwanakin aikinsa, a daina jiran ranar da bukata ta matse shi a saye a wulaƙance.

Hukumar Al'adu da Fasahohi ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1975, da gwamnatocin jihohin Arewa, su ma suna da nasu aikin: su fito da tambarin shaida ga fatar Sakkwato da rinin Kano da tagullar Bida da ɗinkin Zariya, su hukunta mai yin na jabu, su kuma ɗauki tsofaffin gwanaye su koyar a makarantun sana'a tun suna da rai. Attajirai da sarakuna da manyan ma'aikata kuwa, in za su aurar da 'ya, su tuna da abin da Sarauniya Victoria ta yi. Wanda zai iya sayen leshin Ostiriya akwati guda, ba zai kasa sayen riga ɗaya ta ɗinkin hannu a kan farashinta na gaskiya ba.

Bruges ta cika da baƙi, kantunanta sun cika da leshi, amma da wuya a sami matar garin da ke ci da saƙar kaɗai. Kano da Bida da Zariya ba su kai wannan hali ba tukuna, masu sana'ar suna nan da ransu, da almajiransu. Ko za su ɗore, wani babban sashe na amsar yana hannun ɗan kasuwan da ke zaune a rumfarsa a Legas, da abin da zai faɗa wa baƙo in ya ɗaga hula ya tambaye shi wa ya ɗinka ta. Allah ya sa a gane, ya kuma sa albarka a nema.